Yadda ma'aurata za su kalli It's a Wonderful Life ba tare da sun yi barci ko faɗa ba

Kada ku kunna shi da rana, yara na zirga-zirga, ana ta sallama a ƙofa. Ku bari sai bayan isha'i, an ci abinci, an kwantar da ƙanana. Ku sauke shi tun da wuri a waya ko kwamfuta, ku tabbatar caji ya cika, domin awa biyu ne da minti goma, kuma in aka ɗauke wuta a tsakiyarsa da wuya ɗayanku ya yarda a ci gaba washegari, saboda rabin farkonsa tafiyar hawainiya yake yi. Ina maganar It's a Wonderful Life ne, wanda Frank Capra ya ba da umarni, aka fara haska shi a New York ranar 20 ga Disamba, 1946. Amurkawa sun mayar da shi kallon Kirsimeti, duk shekara sai an saka shi a talabijin. A wurina lokacin yana faɗowa daidai da hutun ƙarshen zango da sanyin hunturu, sa'ad da malamin makaranta irina yake samun dare ɗaya da babu takardun jarrabawa a gabansa.

Ni ɗan fari ne a gidanmu, kuma ni ne ma'ajin adashin malamai a makarantar da nake koyarwa. Da waɗannan idanun biyu nake kallon fim ɗin, kuma da su zan nuna muku hanya. Wanda yake son tarihin kyamara da fitilu sai ya nemi wani.

Ku fara da zaɓen kwafi. Ku nemi na asali, baƙi da fari. Akwai waɗanda aka shafa wa launi daga baya, kuma James Stewart, wanda ya fito a matsayin George Bailey, ya yi adawa da wannan aiki har ransa. Gaskiya ce da shi: fuskar mutumin da ya shiga uku ta fi fitowa a baƙi da fari, launi kuwa sai ya mayar da ita kamar hoton kalanda. Ku duba tsawon kwafin kafin ku sauke. In kun ga ya gaza awa biyu sosai, to an gutsure shi ne, kuma akwai wani da ke yawo a intanet wanda aka cire masa ɓangaren da George ya ga garinsu babu shi, wato an cire ƙashin bayan labarin ke nan. Ku kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo ko da kuna jin Turanci, don mutanen 1946 suna magana da sauri, suna katse juna, Stewart kuma yana in'ina.

Sai gargaɗi guda biyu. Na farko, akwai mala'ika a cikin labarin, wani dattijo mai suna Clarence da Henry Travers ya fito a madadinsa, yana sanye da tsohuwar rigar barci yana neman a ba shi fukafukai. Wannan ba aƙidar Musulmi ba ce, kuma ko Kiristocin da na yi hira da su ba su ɗauke shi a matsayin karatun addini ba. Tatsuniya ce ta marubuci, Philip Van Doren Stern, wanda ya rasa mai buga masa gajeren labarinsa sai ya buga kwafi 200 ya raba wa 'yan'uwa da abokai a matsayin katin gaisuwar Kirsimeti a 1943. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ganin an siffanta mala'ika ba, ya haƙura da fim ɗin, ba dole. Wanda zai iya, ya sani cewa dattijon ba ya saukowa sai an ci kusan kashi uku cikin huɗu na fim ɗin. Na biyu, ba na yara ba ne, ko da yake Amurkawa suna kallonsa da yaransu. Minti kaɗan da farawa wani mai kemis da ya bugu yana marin yaro har kunnensa ya yi jini, can gaba kuma akwai mutumin da ya tsaya a kan gada yana shirin kashe kansa.

In kun fara, aikinku na farko shi ne ku riƙa ƙirga sau nawa George ya ɗauki akwati bai tafi ba. Yaro ne da ya tashi a wani ƙaramin gari na ƙirƙira mai suna Bedford Falls, burinsa ɗaya tak: ya bar garin, ya zaga duniya, ya karanci gine-gine, ya gina gadoji da dogayen benaye. A 1919, yana ɗan shekara 12, ya ceto ƙaninsa Harry daga cikin ruwan ƙanƙara, kunnensa na hagu ya mutu a dalilin haka. A 1928 ya shirya hawa jirgin ruwa, mai kemis ɗin nan ya saya masa katon akwati har da sunansa a jiki, a daren kuma mahaifinsa ya faɗi ya rasu. Mahaifin ya bar wani ɗan kamfani na ajiya da ba da rancen gina gida, 'yan kwamitin gudanarwa kuma suka ce ba za su bar shi da rai ba sai in George ne zai zauna a kujerar. Ya zauna. Kuɗin da ya tara na jami'a ya miƙa wa Harry, da alkawarin in ya gama shekara huɗu ya dawo ya karɓe shi.

Ku tsayar da fim ɗin a tashar jirgin ƙasa. Harry ya sauko, ga mata a bayansa, Ruth, wadda babu wanda ya san an ɗaura. Cikin fara'a ta gaya wa George cewa babanta ya ba Harry aiki a masana'antar gilashi a birnin Buffalo. Harry ya koma ɗauko kaya, aka bar George shi kaɗai. Kyamara ta matso kusa da fuskarsa. Idanunsa suna ta yawo, haɓarsa ta ɗan sauka, ya yi 'yan taku kaɗan yana tahowa wajenmu, sannan a hankali ya ɗora murmushi a kan fuskar kafin ya isa wurin amaryar ƙaninsa. Babu kalma ko ɗaya. Duk ɗan farin da ya taɓa sayar da babur ɗinsa don kuɗin makarantar ƙani, ko ya bar aikin Legas saboda tsohuwa ba ta da mai kula, ya san yadda ake ɗora wannan murmushi. A mayar da wurin baya a sake kallo, ba zai ci minti ɗaya ba.

Abin da ya sa na ce ku ƙirga shi ne: duk lokacin da George ya fasa tafiya, abin da ya yi daidai ne, kuma duk lokacin ba ya so. Fina-finai da yawa suna nuna mana mutumin kirki yana sadaukarwa yana jin daɗi. Wannan yana sadaukarwa ne yana cije haƙora, kuma Capra bai ɓoye cizon ba. A ganina nan ne sirrin daɗewar fim ɗin, ba a ƙararrawa da fukafukai ba.

To a nan ne aure ya shigo, kuma a nan ne nake roƙon maigida ya yi shiru ya bar uwargida ta yi sharhi. Mary Hatch, wadda Donna Reed ta fito a madadinta, tun tana yarinya take son George. Daren da Harry ya dawo, mahaifiyar George ta tura shi gidansu Mary, ya tafi yana gunaguni, ya zauna a falo kamar an kawo shi kotu, yana amsa mata da gatse. Ta fusata ta fasa faifan garmaho. Sai waya ta yi ƙara, Sam Wainwright ne daga New York, ɗan masu kuɗi mai neman Mary, yana so ya ba George dama a harkar yin roba daga waken soya. Suka kara kunne a kan waya ɗaya, gashinta na taɓa hancinsa. Can ya yar da wayar, ya kama kafaɗunta ya girgiza ta yana ihu cewa shi ba ya son roba, ba ya son aure da kowa har abada, abin da ransa ke so shi zai yi. Kafin ya rufe baki ya rungume ta yana kiran sunanta, tana kuka. Hoton da ya biyo baya na ɗaurin aure ne.

Kada ku yi dariya ku wuce wurin nan. Mutumin bai yi ƙarya a ko ɗaya ba. Yana son ta, kuma ya san aurenta shi ne makullin ƙarshe da zai rufe shi a garin. Ya shiga auren da abubuwan nan biyu a cikinsa, kuma na biyun bai je ko'ina ba, kwanciya ya yi yana jira. Mu a nan mun saba da nasihar da ake yi wa amarya daren kai ta ɗaki, a ce zaman aure haƙuri ne, ki yi haƙuri, ki ƙara haƙuri. Ango ba a cika zaunar da shi a tambaye shi abin da ya binne kafin ya zo nan ba. Fim ɗin labarin abin da ango ya binne ne.

Yanzu ku ɗauko biro, za mu yi lissafi, don wanda bai bi kuɗin fim ɗin nan ba bai kalle shi ba. Kamfanin su George kusan adashi ne da aka yi wa rajista: ma'aikata suna zuba 'yan kuɗinsu, a tara a ba ɗaya daga cikinsu rance ya gina gida, ya riƙa biya a hankali, a ba na gaba. Abokin hamayya shi ne Potter, attajirin garin da ke kan keken guragu, wanda Lionel Barrymore ya fito a madadinsa, mai gidajen haya marasa kyau da talakawan garin ke ciki. Duk wanda ya samu rance ya gina nasa, Potter ya yi asarar ɗan haya guda.

Ranar ɗaurin auren, ango da amarya suna cikin tasi da dala 2,000 a hannu za su tafi yawon amarci, sai suka hango mutane suna gudu cikin ruwan sama zuwa banki. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna kusan 9,000 suka durƙushe a Amurka, kuma masu kallon 1946 sun ga irin layin nan da idonsu. George ya sauka. Ya tarar banki ya karɓe bashinsa gaba ɗaya, asusu babu ko sisi, jama'a sun cika ofis kowa na son kuɗinsa, Potter kuma ya aiko cewa zai sayi hannun jarin kowa a kan rabin kuɗinsa. George ya yi musu bayanin da duk ma'aji ya taɓa yi: kuɗinku ba sa cikin akwati, suna cikin ginin gidan wane da wane. Ni ma na taɓa tsayawa gaban malamai ina wannan bayani, ranar da albashi ya makara kowa ya zo neman zubinsa lokaci guda, kuma na san yadda ido ke yi wa ma'aji kallon ɓarawo alhali bai taɓa ko kwabo ba.

Ku lura da wanda ya warware matsalar. Ba George ba ne. Mary ce ta ɗaga kuɗin amarcinsu sama ta tambayi nawa ake buƙata. Wani mai suna Tom ya dage sai an ba shi dala 242 ɗinsa cif. Na bayansa suka riƙa karɓar ashirin-ashirin. Wata mata ta ce dala 17 da santi 50 sun ishe ta, George ya rasa abin yi sai ya sumbace ta a kumatu. Da ƙarfe shida ta buga aka rufe ƙofa, saura dala 2. Duk ƙungiyar adashi tana da Tom ɗinta, tana kuma da mai 17.50 ɗinta, kuma in kun zo wurin nan za ku ji kanku kuna kiran sunayen mutanen unguwarku.

Daga nan sai wurin da uwargidata ta fi so. George ya manta ma da amaryar, sai ga waya, ta ce ya taho gida, lamba 320 a titin Sycamore. Wani kango ne da aka daɗe da yasarwa, wanda samari ke jifan tagoginsa da dutse. Ya isa cikin ruwa, rufi na zuba ta ko'ina, an jera bokitai, an liƙa hotunan ƙasashen da ya yi mafarkin zuwa a kan tagogin da suka fashe, kaji na juyawa a kan wuta, kuma garmaho ne aka ɗaura wa igiya yake juya su. Mary ta ce masa wannan gidan shi ne abin da ta roƙa tun daren da suka jefi tagarsa tare. Kyakkyawan wuri ne, amma ku dube shi da kyau: ita ta samu burinta cif, shi kuma an liƙa masa hoton nasa a taga. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a gidan nan kuwa kowa da inda yake masa, kuma ba su taɓa zama sun nuna wa juna ba.

Muna wurin da ake nuna shekaru na wucewa, Mary na liƙa takarda a bango, ana haihuwa ɗaya bayan ɗaya har huɗu, sai uwargida ta taɓa ni ta ce, "Malam, kai tun ɗazu mijin kake tausaya wa. Wa ya gyara kangon nan?" Na ce, "Maman Ummi, ai shi ke fita nema." Ta ce, "Shi ke fita, ita ke zama cikin yoyon." Na ba ku wannan ne don ku san cewa gardamar za ta taso, kuma kada a kashe ta. A tsayar da fim a yi ta, a sha shayi, a ci gaba.

Ku koma kan biro. Potter ya kira George ofishinsa, ya zaunar da shi a gajeriyar kujera, ya ba shi taba mai tsada, ya karanta masa rayuwarsa: albashinka dala 45 a mako, kana ciyar da uwa, kana kallon abokanka suna wuce ka. Ya yi masa tayin dala 20,000 a shekara na tsawon shekara uku, har da tafiye-tafiye zuwa Turai. Dala 45 sau 52 ta ba da 2,340, wato tayin ya ninka albashinsa fiye da sau takwas. George ya kusa karɓa, ya nemi kwana ɗaya ya yi shawara, ya miƙa hannu suka gaisa, sai ya dubi tafin hannunsa ya goge a jikin kwat, ya zazzage mutumin ya fita. Ya koma gida da dare Mary ta gaya masa tana da ciki. Ba mu ga ya gaya mata tayin da ya ƙi ba. Ku riƙe wannan a zuciya, don hali ne, kuma zai dawo da muni.

Akwai kuma wani ɗan dunƙulen katako a kan ginshiƙin matakalar gidan, wanda duk sa'ad da George ya dafa sai ya cire a hannunsa. Ku riƙa lura da shi. Kowane gida yana da irinsa, ƙofar bayi da ba ta rufuwa ko famfon da ke ɗiga, abin da ba a gyara ba don kullum akwai abin da ya fi shi gaggawa.

Sai jajibirin Kirsimeti na 1945. Harry ya zama gwarzon yaƙi, an ba shi lambar yabo mafi girma ta ƙasar, George kuwa kunnensa ya hana a ɗauke shi soja, ya ƙare yaƙin yana tattara tsofaffin tayoyi da takardu. Baffansa Billy, mai yawan mantuwa, ya je banki zuba dala 8,000 na kamfani, ya tsaya yi wa Potter gori da jarida, ya naɗe ambulan ɗin kuɗin cikin jaridar ya miƙa masa bai sani ba. Potter ya gani ya yi gum. A ranar kuma mai binciken kuɗi ya zo. In aka auna da albashin da Potter ya ambata, kuɗin nan aikin shekara uku ne da wata biyar.

Daga lokacin da George ya shiga gida a daren nan, a ajiye waya, a daina cin gyaɗa, kada kowa ya tashi. Minti goman nan su ne fim ɗin. Ya shigo ba hula ba kwat. Janie na ta maimaita waƙa ɗaya a piyano tana kuskure. Pete na tambayar yadda ake rubuta wata kalma. Ya ɗauki ƙaramin, Tommy, ya ƙanƙame shi yana hawaye a ɓoye, yaron na saka masa kyalkyali a ka. Mary ta juyo ta gani, fuskarta ta canza, amma ta ci gaba da ado. Ta tambaye shi me ya faru, ya ce komai ya lalace, ya zagi gidan, ya zagi garin, ya tambayi me ya sa ma suka tara yara haka. Ya hau sama wurin Zuzu da ke mura, ya yi mata magana da taushi, ya ɓoye ganyen furenta da suka zube a aljihunsa, ya sauko ya karɓe waya ya wanke malamar yarinyar tas a kan laifin da ba nata ba. Ina jin wurin nan a jikina, don na sha karɓar irin wayar nan daga iyayen da matsalarsu ba makaranta ba ce. Daga ƙarshe ya je lungun da ya jera ƙananan samfurin gada da benaye da ya ƙera da hannunsa, ya sa ƙafa ya tarwatsa su. Yara suka yi tsit. Ya ba da haƙuri, haƙurin ma da tsawa. Mary ta ce me ya sa yake azabtar da yaran, ya fice.

Duk tsawon wannan bai ce mata kuɗi sun ɓace ba. Ya gwammace ya je ya durƙusa gaban Potter, ya ɗauki laifin Billy ya ɗora wa kansa, ya nuna takardar inshorar ransa ta dala 15,000 wadda abin da ya zuba a ciki 500 ne kawai, a yi masa dariya a ce mutuwarsa ta fi rayuwarsa daraja. Ita kuwa ƙofa na rufuwa ta ɗauki waya ta kira Billy, ta ce wa yara su yi wa babansu addu'a. Mun taso ana gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma namiji ba ya kai kukansa ɗaki. Ku kalli inda wannan tarbiyya ta kai George Bailey, sannan ku kalli abin da matar da ya ɓoye wa ta yi cikin awa biyu da sanin gaskiya.

Yana da amfani ku san wanda ke wasan. Stewart ya bar fim ya shiga soja a 1941, ya tuƙa jiragen ruwan bama-bamai daga Ingila zuwa kan Jamus, kuma wannan ne fim ɗinsa na farko bayan ya dawo. A mashaya, inda George ya dunƙule hannu a baki yana addu'a, Stewart ya faɗa daga baya cewa kukan na gaske ne ya ƙwace masa. Mutanen da suka fara kallon fim ɗin ma irinsa ne: a 1946 an ɗaura aure sama da miliyan 2 a Amurka, an kuma raba kimanin 610,000, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Watakila shi ya sa ba su ruga kallonsa ba. An kashe fiye da dala miliyan 3 wajen shirya shi, bai mayar da kuɗinsa a sinima ba, an zaɓe shi a rukuni biyar na kyautar Oscar bai ci ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya tashe shi sakaci ne: a 1974 ba a sabunta haƙƙin mallakarsa ba, gidajen talabijin suka samu na banza suka riƙa saka shi dare da rana duk Disamba, har zuwa 1993 da wani kamfani ya sake ƙwato ikon ta hanyar haƙƙin labarin da na kiɗan.

In wurin gadar ya taɓa ɗayanku fiye da kima, wato ya ji tunanin George ba baƙo ba ne a wurinsa, a kashe fim ɗin a yi magana a daren, gobe kuma a ga likita. Wannan ba abin da za a bar wa fim ba ne.

Ɓangaren da Clarence ya nuna wa George garin da babu shi yana da sauri, ku bi shi yadda ya zo. Garin ya koma Pottersville, mashaya da gidan caca ko'ina, mai kemis ya yi zaman kurkuku don babu yaron da ya hana shi ba da guba bisa kuskure, Harry ya mutu yana yaro, sojojin da zai ceta a yaƙi su ma sun mutu. Amma ku shirya wa wuri guda da ni ban yarda da shi ba. Da George ya matsa a nuna masa Mary, sai aka nuna ta da tabarau tana rufe ɗakin karatu, ba ta taɓa aure ba, kuma aka yi kiɗa kamar wannan ya fi mutuwar Harry muni. Matar da ta ceci kamfani da kuɗin amarcinta, ta mayar da kango gida, wadda Sam mai kuɗi ke bi, ita ce za ta zama abin tausayi don ba ta samu George ba? Uwargida ta yi tsaki a nan, ban kuma hana ta ba.

Da kun zo ƙarshe, ku kula da jerin abubuwan, don mutane da yawa suna tuna shi a juye. George ya roƙi a mayar da shi, ya ga leɓensa na jini, alamar ya dawo rayuwarsa, ya laluba aljihu ya ji ganyen furen Zuzu, ya ruga gida yana ihun murna. Ya tarar da mai binciken kuɗi da masu takardar kama shi a falo, ya gaishe su da fara'a yana cewa kurkuku zai tafi. Dunƙulen katakon ya sake cirewa a hannunsa, ya sumbace shi. Duk wannan kafin kwabo ya shigo gidan. Sai daga baya Mary ta shigo da mutanen gari a bayanta, Billy ya juye kwandon wanki cike da kuɗi a kan tebur yana cewa ita ce ta zaga gari. Annie, mai aikin gidan su George, ta kawo abin da ta ce ta tara ne don kuɗin kashe aure in ta taɓa samun miji. Sam ya aiko da waya cewa a ba George har dala 25,000. Babu abin da ya canza a rayuwar mutumin: gidan nan ne, ofishin nan ne, akwatin nan bai taɓa hawa jirgi ba, kuma ba zai hau ba.

In an gama, kada maigida ya juya ya ce to kin ga irin abin da nake sha, kada uwargida ta ce kai ma haka kake. A kwanta. Tambayar da ta dace, wato me ka so zama kafin mu haɗu, ko me kika so, ta fi daɗin yi bayan kwana biyu, ana cikin wani aikin, kuma wanda ya tambaya ya shirya jin amsar da babu sunansa a ciki.

Saura abu ɗaya da ma'aji ba zai iya wucewa ba. Potter bai mayar da dala 8,000 ba, ba a kama shi ba, babu ma wanda ya san suna wurinsa sai mai tura masa keke. Talakawan gari ne suka cike gurbin kuɗin da ke cikin aljihun attajiri. Hukumar FBI mai binciken manyan laifuka a Amurka ta lura da yadda aka siffanta shi, har a 1947 wani rahotonta ya zargi fim ɗin da ɓata sunan masu banki irin yadda 'yan gurguzu ke yi. Masu kallo kuwa haushin rashin hukuncin ne ya daɗe yana cin su, har a 1986 shirin barkwanci na Saturday Night Live ya ƙirƙiro wani ƙarshe inda Billy ya tuna inda ya bar kuɗin, jama'a suka ɗunguma ofishin Potter suka lakaɗa masa duka. Yana nan a intanet, minti kaɗan ne, ku neme shi bayan kun share hawaye.